Layi Na Huɗu

Aikin Sharu a ƙaramin filin jiragen feshi da ke bayan garin Gadarif ɗaya ne: ya karanta rahoton yanayi a na'ura ta naɗa, duk matuƙin da zai tashi ya buga lamba ya saurara. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa rage kalma ba.

Ran Talata da azahar yayansa Tijjani ya bugo daga garinsu Hawata. Tsuntsayen jan-baki sun kwana huɗu a kan dawarsu, in jirgi bai yi feshi yau ba, kara za su girbe. Sau biyu matuƙin jirgin, Kaftin Mutaz, yana fasa tashi saboda rahoton Sharu.

"Muryarka ce ke hana mu abinci," in ji Tijjani. "Inna ta ce in gaya maka."

Takardar la'asar ta iso. Layi na huɗu ya ce hadari mai tsawa zai taso daga gabas, ya ratsa Ƙala'at an-Nahal ya kai Hawata kafin magariba. Sharu ya ce a ransa ai damina ta ƙare, hadarin yanzu burga ce kawai. Ya danna maɓalli. Ya karanta iska, ya karanta zafi da nisan gani, ya tsallake layin.

Mutaz ya leƙo ta taga, waya a kunne, yana dariya.

"Yau ka yi mana kirki, ya ustaz. Ni ban yarda da sama ba, da kai na yarda."

Jirgi ya tashi. Minti arba'in ba su cika ba gabas ta yi baƙi ƙirin. Sharu ya faɗa kan rediyo yana kiran Mutaz, ba amsa sai shuu. Yana nan riƙe da shi Tijjani ya sake bugowa: manoma sun ga iska ta kifar da jirgin a hayin kogin Rahad, yana ci da wuta. Ko makwancin tsuntsayen bai kai ba.

Ruwa na dukan kwanon rufi, sai Faisal, shugaban filin, ya shigo jiƙe sharkaf. Bai yi sallama ba. Ya shimfiɗa takardar la'asar a tebur, ya buga lambar, ya buɗe muryar wayar.

Sharu ya ji kansa yana karatu a natse. Yatsan Faisal na bin layi. Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu yatsan ya tsaya, muryar ta wuce.