Kan Sarkin da Bai Ga Hatimi Ba

Shekarar da gwamnati ta kwashe komatsanta daga Legas zuwa Abuja, da Juwairiyya mai buga tafireta aka kwaso. Mahaifiyarta kuwa ta ƙi barin Agege, wai tsufa ya hana ta koyon sabon gari. Abu ɗaya ta roƙa: "Ki riƙa rubuto mini, maƙwabta sa karanta."

Juwairiyya ba ta taɓa fashi ba. Duk ƙarshen wata sai ta zaɓo kan sarki mai kyau, ta lasa, ta danne shi da babban yatsanta wanda shuɗiyar tawadar takardar kabon ta rina. Sai ta miƙa wa Malam Lukmanu, abokin aikinta tun Legas, tunda gidan waya a kan hanyarsa yake. Shi kuwa wannan bawan Allah ciwonsa ɗaya, tara kan sarki. Kullum ka leƙa teburinsa akwai kofin ruwan ɗumi da guntayen ambulan a jiƙe don ya ɓamɓare kan sarkin da ke jikinsu, yana lallaɓa su sai ka ce jarirai.

Amsa dai shiru. Har aka zo mata da labarin tsohuwa ta rasu, har ta cika tana cewa Abuja ta mantar da Juwairiyya uwa.

Bayan ta dawo daga zaman makoki, Lukmanu ya ga ta yi zugum, ya jawo kundinsa na kan sarki wai ya ɗebe mata kewa.

"Duba nan, ƙanwata. Waɗannan fresh ne, hatimin gidan waya bai taɓa su ba. Wallahi sun fi daraja."

Ta duba. Layi guda reras, tas da su, sai dai kowanne da ɗan tabon shuɗi a kusurwa. Ta kalli yatsanta. Nata ne, waɗanda ta manna wa wasiƙun mahaifiyarta. Mutumin da take kira yaya, wanda ya fi kowa daɗewa yana yi mata ta'aziyya!

"Yaya Lukmanu, ina wasiƙun?"

Ya sosa ƙeya. "Ai niyyata in sayi wasu in manna, to kin san aikin ofis... kuma ruwan ya ɗan taɓa adireshin. Amma suna nan a durowa, ko ɗaya ban buɗe ba."

Ya faɗe shi ne kamar yana jiran godiya.