Kiɗan da Torben Ya Hana

Kaitan Pereira yana cikin shagonsa na gyaran rediyo a garin Siolim na jihar Goa a Indiya, ya duƙufa a kan wata fanka da ta ƙi juyawa, sai ya ji an dire abu a kan tebur. Ya ɗago kai. Lurdes ce, matar abokinsa Torben, gefen rigarta ya jiƙe sharkaf, ga kwalin takalmi naɗe a leda.

"Lurdes! A cikin wannan ruwan? Yaya mai jiki?"

"Yana nan yadda ka bar shi," ta ce. "Tun kafin Ista ke nan, in ban manta ba."

Kaitan ya sosa ƙeya. Tun da Torben ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya rufe, sau ɗaya Kaitan ya leƙa gidan. Mutumin da ya sani da surutu kamar aku ya tarar da shi a kujera yana kallon bango. Bai iya komawa ba.

Torben mutumin Denmark ne. Ya zo Goa yana saurayi da jakar goyo, da niyyar ya sha iska ya koma, shi ke nan ƙasa ta riƙe shi. A waɗancan shekarun Kaitan ne ke ɗaukar lasifika da janareto a kafaɗa zuwa filayen rawa na Vagator da Anjuna, Torben kuma yana cikin masu saka kiɗa. Kiɗan nan ne da daga baya duniya ta sa masa suna Goa trance. Babu mawaƙi, babu baiti. Bugu ne guda mai tafiya kamar zuciya, sai zaren sauti iri-iri suna hawa kan juna har mutum ya rasa wanda zai bi. Faifai ba ya jure zafi da rairayi, don haka a ƙananan kaset ake yawo da shi, waɗanda ake kira DAT, ba su fi kwalin ashana ba sosai. Da yawa daga cikin kiɗan ba a taɓa buga su a kasuwa ba. Hannu da hannu suke tafiya, wanda duk yake da abin da babu mai shi, to shi ne sarkin safiya.

Torben yana da irin wannan guda ɗaya. Wani Bajapane ne ya haɗa shi a ɗakin haya, ya ba shi, ya koma gida, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Torben ba ya saka shi sai gari ya waye, lokacin da mutane suka fara ganin fuskokin waɗanda suka kwana suna rawa tare da su. Kaitan ya roƙe shi kwafi har bakinsa ya gaji.

"Ko uwata ce ta taso daga kabari ta roƙa, sai dai ta tsaya ta ji a nan," in ji Torben.

Yanzu ga kwalin kaset ɗin Torben a gabansa.

"Mai gasa masa jiki ce ta ce a riƙa sa masa abin da ya saba ji," Lurdes ta ce. "Na kunna masa na zamani a waya, ya kau da kai. Ni ma ban ga laifinsa ba, kamar ana fasa dutse. Injinsa na kunna kaset ɗin ya mutu tuntuni. An ce kai kaɗai ka rage da mai aiki."

"Yana aiki in ya ga dama."

"To ka lallashe shi, Kaitan. Ai ka iya lallashin ƙarfe, mutane ne suka gagare ka."

Ta ɗauki lemarta ta fita.

Da ya buɗe kwalin, warin damina ya buge shi. Fumfuna ta yi fari a jikin rabin kaset ɗin. Torben bai rubuta suna a ko ɗaya ba, sai zane-zane da alƙalami, nan rana, can kifi. Kaitan ya ajiye fankar mutane gefe. Ya riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana goge zaren da auduga a hankali, yana shanya su kusa da kwan fitila. Wanda ya yarda ya juya, sai ya kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta. Wasu sun mutu murus. Wasu kuma da ya ji su sai ya yi dariya shi kaɗai, don ba duk abin da ya tsufa ne yake da daɗi ba.

Gurudas Naik, mai ba da hayar babura a shagon da ke maƙwabtaka, wanda tare suka yi dakon lasifika a da, kullum sai ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"Ka samu kiɗan safiyar?"

"Tukuna."

"Ranar da ka same shi ka ɗora a intanet, ka ga ikon Allah. Akwai mahaukata irinka daga Moscow har Tel Aviv, masu furfura a kunne, suna ta tambayar juna wa ya san kiɗan safiyar nan. Sai sun sa hotonka a bango sun kunna masa kyandir."

"Ba nawa ba ne."

"Na wa ne? Na fumfuna?"

Kaitan ya koma kan aikinsa, amma tambayar ta zauna masa.

Wata rana da tsakar rana, ruwa na zuba a kan kwano, ya saka wani kaset da bai ma yi zaton komai a kai ba. Bugun farko kawai ya ji ya gane. Ya tashi ya ja ƙofar shago, ya dawo ya zauna.

Abin da ya fara ji bai yi masa daɗi ba. Kiɗan siriri ne, bai kai yadda ya riƙe shi a ransa ba. Shekara da shekaru yana rera shi a zuci, ashe ƙari yake ta yi masa. Ya haɗa masa da sanyin asuba, da jar ƙura a ƙafafu, da ƙamshin shayin matan da ke zaune a tabarma, da ƙarfin kafaɗar da a lokacin ba ta san ciwo ba. Duk waɗannan babu su a cikin kaset. Ya ji kamar ya je gidan da ya tashi a ciki ya tarar ashe ɗakin ƙarami ne.

Sai aka kai tsakiya. Bugun ya ɗauke, wani sauti mai kama da sarewa ya taso shi kaɗai, ya hau, ya sauko, wani ya biyo bayansa ya riske shi. Tsigar jikin Kaitan ta tashi. Wannan kam bai ƙara masa komai ba, a nan yake tun asali. Wani mutum a wani ɗaki mai zafi ya zauna ya nemo shi da yatsunsa.

Gab da ƙarshe sautin ya fara yayyankewa, sannan ya mutu. Fumfuna ta cinye wutsiyar.

Washegari da safe ya ɗaure tsohuwar lasifika a bayan babur ya nufi gidan Torben a Anjuna. Lurdes ta turo Torben baranda. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Kaitan ya gaishe shi, bai samu ko kallo ba. Ya jona wayoyi, ya kunna.

Da farko babu abin da ya canza. Can sai yatsun hannun Torben mai lafiya suka fara motsi a kan cinyarsa, suna murza wani abu da babu shi a wurin. Da sarewar ta taso ya rufe ido. Da kiɗan ya yanke ya buɗe su, ya juyo da kai da ƙyar, ya zuba wa Kaitan ido. Leɓensa ya daɗe yana kokawa.

"Ɓa… rawo."

Lurdes ta dafe ƙirji. Rabin fuskar Torben yana dariya.

"Ni ne ɓarawon?" Kaitan ya ce. "Matarka ce ta kawo min har shago, tsohon marowaci!"

Lurdes ta shige kicin, wai za ta duba kifi. Sun ji tana face hanci.

Kaitan ya jawo kujera kusa. "Torben, Gurudas ya ce in sake shi duniya ta ji. Ni ban sani ba. In na riƙe, zai mutu tare da mu. In na sake, za a ji shi a waya a cikin motar haya. Kai ne mai shi. Me ka ce?"

Torben ya ɗaga hannu ya nuna titi, ya dawo da shi ya nuna tsakar gidan. Lurdes, da ta fito da faranti, ita ta fassara.

"Cewa yake a fara kiran na gida tukuna. Duniya ta jira layinta."

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, tsakar gidan ya cika da masu furfura. Gurudas ya zo, da wasu tsofaffin Turawa da rana ta gasa, da Shevanti wadda ta yi shekaru tana sayar da shayi a bakin filin rawa, yanzu da sanda take tafiya. Gurudas ya miƙe zai gwada takun da, gwiwarsa ta yi ƙara, ya koma ya zauna yana zagin ta. Sauran ba su ma gwada ba. Suka zauna a ƙarƙashin itacen kwakwa suna kaɗa kai.

Da kiɗan ya yanke a inda yake yankewa, Shevanti ce ta fara gyara zama.

"Ni fa ban taɓa jin sa a zaune ba," ta ce. "Kullum ina fama da murhu da masu ihun a ƙara sukari. Ashe akwai kuka a cikinsa."

Kaitan ya dube ta. Shi a duk tsawon shekarun nan murna yake ji a ciki.

"A sake sa mana," in ji ta. "Kuma wani ya miƙo min shayi, yau ni za a dafa wa."