Gonar da Ta Fito a Bayan Maitama

Da gwamnati ta tuna cewa talaka ma yana da fata, sai ta ware kuɗin bincike kan ƙyasbi, ta turo Dakta Onyinye wani ƙaramin asibiti tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Aka haɗa ta da Maitama, malamin asibitin, wanda ya shekara ashirin yana raba farasitamol ba tare da kimiyya ta san da zamansa ba.

Aikinsa ba wuya. Manomi ya tuɓe riga, Maitama ya shimfiɗa farar leda a kan tabon, ya bi gefensa da alƙalamin maka, ya sa lamba, ya manna ledar a gilashin taga don tawada ta bushe.

Ran wata Laraba da azahar rana ta bugi tagar, ya ɗaga kai daga kwanon ɗanwakensa ya ga lamba goma sha bakwai. Bayan Mati ne, manomin da kowa ya san duk damina sai ya tura shanun huɗa sun ci kunya ɗaya daga gonar maƙwabci, sannan ya matsar da gambar da ake shukawa a kan iyaka. Zanen nan gonar Mati ce sak, har da ƙahon da ta yi wajen rafi.

Maitama ya rufe kwano. Ya fara jera ledojin gefe da gefe, suka riƙa shiga juna ba gyara. Gonakin gabas da gari ne gaba ɗaya a kan taga. Gurbi ɗaya ya rage a tsakiya, kuma ya san gurbin, tunda shi yake noma shi. Sai dai ya ɗan fi gadonsa faɗi ta kudu, daidai kunya ukun da ya ci daga gonar Inna, matar marigayi baffansa, wadda idonta ya yi rauni.

A nan ya tuna wata biyu ke nan yana goga bayansa a ƙofa kamar akuya.

Ya roƙi Dakta ta auna shi. Ta zana, ta ce tabon yana da kyau ƙwarai, irin wanda rahoto yake so, ta ba shi man shafawa. Da ta fita ya ɗora ledarsa a gurbin. Ta zauna daram.

Man ya ƙare, tabon bai ko gaisa da shi ba. Ran Asabar da hantsi Maitama ya ɗauki fartanya ya tone gamba, ya mayar da ita inda ya same ta, dawar kunya uku ta koma hannun mai ita. Zuwa lokacin awon ƙarshen wata, kudancin tabon ya goge tas. Dakta ta rubuta cewa man yana aiki.

Amma ƙaiƙayin bai tafi ba. Ya koma ƙarƙashin kafaɗar hagu, wata siririyar tsaga ta arewa, inda Maitama bai taɓa matsar da ko tsinke ba. Can babu maƙwabci, sai wani fili mai tudu-tudu da ba a kiwo a cikinsa.

Ya sami Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambaye ta ko a zamanin mahaifinsa gambar arewa tana inda take yanzu.

Ba ta ɗago ba. "Kafaɗar hagu ce?"

Ya ce ita ce.

"Ubanka ma nan ya yi ta susa, har ranar da aka wanke shi." Ta hure ɓawon gyaɗa daga tafinta. "Tsohuwar maƙabarta ce, Maitama. In za ka mayar musu, ka yi sallama kafin ka sa fartanya. Kuma kada ka tsaya jiran amsa."