Kuskuren da Ke Shafi na Casa'in

Katin da aka rataya wa Nyokabi a wuya a ƙofar otal ɗin, can bakin tafkin Naivasha, "Marubuciya" aka rubuta a jikinsa, amma jakar da ke kafaɗarta cike take da littattafan wani. Guda goma sha ɗaya ne, duk na shahararren marubucin nan Obondo, wanda ake kira Mzee, wato dattijo, wasu bangonsu ya fita, wasu shayi ya ɓata su. Nata littafin ɗaya ne tak a duniya, Wanda Ya Rufe Rijiya, wata huɗu ke nan da fitowarsa. Shekara tara tana zuwa wannan taro na masu rubuta labaran kisan kai da masu karanta su, kullum a kujerun baya take zama. Bana aka ce ta hau dandamali, kujerarta kusa da ta Mzee. Ko mandazi, fanken da aka raba da safe, ba ta taɓa ba don murna.

Mu masu karanta irin waɗannan littattafai muna da wata cuta, gara a faɗe ta. Babu abin da ke yi mana daɗi kamar mu kama marubuci da kuskure. In ya ce jirgin ƙasa ya tashi ƙarfe bakwai, sai wani ya miƙe ya ce a waccan shekarar bakwai da rabi yake tashi. Ba ƙiyayya ba ce, ƙauna ce ta yi yawa. Nyokabi kuwa cutar ta yi mata mugun kamu, ga shi shekara ashirin tana da kantin magungunan dabbobi da na gona a garin Nyahururu.

Bayan cin abincin rana zauren ya cika maƙil. Aka yi ta hira kan wuƙa da igiya da ɗakin da aka kulle ta ciki, ana sheƙa dariya kamar gidan biki. Da aka zo lokacin tambayoyi sai wani dogon mutum ya miƙe daga layi na uku. Kusa da shi wata 'yar ƙaramar mace ce da ɗankwali shuɗi, kanta a sunkuye.

"Mzee, Kirimi ne dai, na sake dawowa," in ji shi. Waɗanda suka san shi suka yi dariya. "Tambayata ta bara ce. A littafinka Gawa a Gonar Shayi, shafi na casa'in, maganin gonar nan da ake zuba wa mutumin kaɗan-kaɗan har ya mutu, likita ya ce ciwon ciki ne. Da gaske haka yake aiki?"

Mzee Obondo ya gyara tabarau. "Ɗana, ni maƙaryaci ne, da ƙarya nake cin abinci. Tambayi wani abin."

Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma Nyokabi ta yi shekara da shekaru tana riƙe da wannan shafi a ranta, har jan layi ta yi masa da jan biro. Ga Mzee a gefenta, ga mutum ɗari biyu, ga makirufo a gabanta. Sai ta matso.

"Mzee, ka yi mini aikin gafara, amma wannan fagena ne," ta ce tana murmushi. "A shafin nan akwai kuskure. Yadda ka rubuta shi, mutum zai yi ta ciwo ne kawai yana ramewa, ba zai mutu ba. Abu ɗaya ka saka ba daidai ba."

Ta faɗi abin. Jimla ɗaya ce, gajeriya, kuma ba za ku ji ta daga bakina ba.

Zauren ya ɗauki tafi. Wani daga baya ya yi ihu, "Mzee, an kama ka!" Nyokabi ta juya ta ga yadda gwaninta zai ɗauki wasan, sai ta tarar ba ita yake kallo ba. Layi na uku yake kallo. Kirimi ya ɗora takardar tsarin taro a gwiwarsa yana rubutu a bayanta, a hankali, kamar ɗan makarantar da ke tsoron kada ya ɓata baƙi ɗaya.

Suna saukowa Mzee ya damƙe wuyan hannunta ya ja ta bayan labule, inda aka jibge kujeru.

"'Yata, kin san aikin da na yi kafin in fara rubutu?"

"Ai kowa ya sani, Mzee. Malamin kimiyya ne kai, shekara talatin."

"To malamin kimiyya na shekara talatin ne bai san abin da mai kantin maganin kaji ta sani ba?"



"Da gangan na lalata shi," in ji Mzee. Muryarsa ƙasa-ƙasa take. "Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a haka yake yi. Kina rubuta hanyar kisa, sai ki cire abu ɗaya ki saka na ƙarya. Ba a koyar da shi a kan dandamali, don a zatonmu duk mai hankali zai gane da kansa. Mai karatu yana tambaya wa ya yi kisan, ko me ya sa ya yi. Shekara uku mutumin nan abu ɗaya yake tambaya: ko yana aiki. Wa kike tsammanin yake yin irin wannan tambaya?"

"Wanda yake so ya gwada," ta ce da ƙyar.

"Ko wanda ya gwada bai yi ba."

Tsoro ya kama ta. Ta tuna 'yar matar nan mai shuɗin ɗankwali, da yadda ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ta yi tunanin 'yan sanda, to ta ce musu me? Wani ya yi tambaya kan guba a taron da kowa tun safe maganar guba yake? Dariya za su yi mata har su riƙe ciki.

Ta bi zauren, ta bi wurin sayar da littattafai, ba ta ga matar ba. Can ta hango ta ita kaɗai a baranda, tana zaune da jaka a cinya tana kallon ruwa.

"Mama, ke ce matar Bwana Kirimi?"

"Ni ce. Mama Mwenda ake ce mini."

Nyokabi ta durƙusa gabanta. "Ki saurare ni, 'yar'uwa, ba hauka nake ba. Abin da na faɗa ɗazu bai kamata in faɗa ba, kuma mijinki ya rubuta shi. Kada ki ci ko ki sha komai daga hannunsa. In kina da dangi, ki tafi wurinsu yau."

Mama Mwenda ta ɗago kai. Idanunta a kwance suke, babu mamaki a cikinsu ko kaɗan. Ta dafa wa Nyokabi kafaɗa.

"Kina da kirki," ta ce. "Na gode ƙwarai. Yau kin yi mini babban taimako."

Hankalin Nyokabi ya ɗan kwanta. Da ƙarfe huɗu ta zauna a teburin sa hannu, littafinta a jere gabanta. Layin Mzee har waje, nata mutum shida ne. Na shidan Kirimi ne.

Sai yanzu ta gan shi kusa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, za a iya zura hannu ta ciki. Idanunsa sun yi rawaya, littafin kuma yana rawa a hannunsa.

"Madam, yau kin fid da ni," in ji shi, yana dariya yana haki. "Shekara uku ina shan kunya gaban jama'a a kan tambayar da ba tawa ba. Ni fa ko jarida, shafin ƙwallo kawai nake dubawa. Mama Mwenda ce mai karatu. Kunya ce da ita, ba ta iya magana cikin mutane, sai ta ce in tashi in tambaya mata."

Biron ya tsaya a hannun Nyokabi. "Takardar da ka rubuta fa?"

"Ai tata ce, na ba ta. Ki rubuta mini: ga matata, wadda ba ta gajiya da jinyata. Shekara uku cikin nan yana wahalar da ni, likitoci sun kasa gane kansa. Abincina, shayina, duk ita ce."

Nyokabi ta miƙe har kujerarta ta faɗi. Ta riƙo hannun rigarsa. "Bwana Kirimi, don Allah ka ji ni. Ka tafi babban asibiti a Nairobi yanzu, kai kaɗai, ka ce su auna jininka. Kada ka ƙara cin komai daga hannunta."

Ya dube ta, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai, ku marubutan nan! Ai ta gaya mini za ki yi haka. Ta ce ɗazu kin same ta a baranda kin faɗa mata wannan maganar sak, amma game da ni. Wasan taron ne na bana, ko? Wallahi kin iya, har gabana ya faɗi."

"Ba wasa ba ne."

"Haka ta ce za ki ce."

Mama Mwenda ta iso ta gefensa ba tare da an ji takunta ba. Ta zare littafin daga tebur, ba a sa masa hannu ba, ta jefa a jaka. Ta yi wa Nyokabi murmushi, ta saƙalo hannun mijinta.

"Baba Mwenda, mu kama hanya," ta ce. "Lokacin shan maganinka ya kusa."