Dardumar Agogunan Baba

Mahaifin Gwamma gyaran agogo ya yi a kasuwar Tamanrasset har idonsa ya gaza. Da ya rasu aka ba da tufafinsa sadaka, saura tsummokaran da ba mai so. Su Gwamma ta yayyaga siri-siri, ta ɗaure buhun gari a jikin katako, tana cusa ƙugiya tana jawo tsumma ta cikin buhun, har darduma ta tashi.

A kanta ta jera siffofin agoguna da tsumma yadda Baba yake ba su labari. Ga na aljihu mai sarƙa da ta yi da farar rigarsa, ga wanda sojojin Turawa suka sa wa fata suka maido shi hannu, ga wanda ake yi wa wani da hannu. Sai na pil, wato batir, mai lambobi, wanda ya kashe masa sana'a. Shi ta yi da baƙin wandonsa, can gefe. Niyyarta ta kai wa Inna a Damagaram, don tsohuwar ko gawar mijinta ba ta gani ba.

Ƙanenta Tahiru, mai kai Turawa yawon dutsen Assekrem da mota, ya zo aron dardumar.

"Yaya, nuna musu kawai zan yi, su san mu ma 'ya'yan wani ne."

"Kada ka bari a taka ta."

"Haba Yaya, rigar Baba ce fa."

Wanda ya rantse da rigar ubansa, wa zai ce masa kawo shaida? Ta ba shi.

Ranar da ya dawo, ƙyalle ya miƙo mata, bai fi tafin hannu biyu ba. Baƙin agogon ne, bakinsa yana warwarewa inda almakashi ya bi.

"Ina sauran?"

"Jakarsu ba ta cin babbar darduma, sai kowa ya sayi agogo ɗaya. Wannan wai ƙasarsu cike take da irinsa." Ya yi 'yar dariya. "Ai kina da hannu, ki yi wata."

"Da rigar wa, Tahiru?"

Ta ɗauko allura ta kama bakin ƙyallen tun tsumman bai ƙarasa zubewa ba, ta naɗe shi cikin kayan tafiyarta.

Nan ne dariyar ta bar shi.

"Yaya, don Allah, ki ce da Inna iyakar abin da kika yi ke nan."

"Ita ta saya wa Baba farar rigar nan da hannunta. Za ta tambaye ni ina take." Ta ja zif ɗin jakar. "Ni kuwa ban taɓa yi mata ƙarya ba."