Tafintan Hajiya

Ina da ɗan hali: idan kunya ta kama ni, sai in gyara magana. Surukata Hajiya Mubaraka ta zo daga Kumasi, muka zauna kallon wani wasan talabijin na Suwidin, labarin samari biyu masu son juna a zamanin da ƙanjamau ke ɗibar mutane. Ni ne tafinta.

"Abokai ne, Hajiya. Haya ce ta haɗa su."

"To, Allah ya bar zumunci."

Da ɗayan ya rasu ta yi ta share hawaye, ni kuwa ina yaba wa kaina da na tsare mutuncin gida.

Daga baya, muna hanyar zuwa garin Wendover, matata Ruƙayya ta ce tun makon jiya suka kalle shi tare da Hajiya, kuma ita ba ta rage komai a fassara ba.