Shinkafar Tabkin Doguwa

Shekarar da fara ta cinye geron Arewa, abin da ya rage wa ƙauyen su Habsatu, gabas da Matankari, shi ne shinkafar dajin da ke tsirowa a tabkinsu. Ba mai shuka ta. Ga ta da rashin haƙuri, da ta nuna sai ta kakkaɓe cikin ruwa, shi ya sa ba a sa mata lauje, ƙwarya ake tarawa a karkaɗe kan.

Amma tabkin na aljana Doguwa ne, kuma ba a shiga sai tsoho Sallau ya yanka mata baƙar kaza. Sallau kuwa gardawa, dogaran kumandan Nasara, sun tasa ƙeyarsa zuwa aikin hanyar Dogon Dutsi, tare da Gado mijin Habsatu. Su ina ruwansu da kaza.

Mata suka yi ta zaman jira a bakin ruwa, tsuntsaye na cin rabonsu. A gida kuma A'i, uwar Gado, ta kwanta. Tafasa da dusa sun ƙi zama a cikinta, ƙafafunta sun kumbura. Habsatu na son tsohuwar nan, duk da bakinta.

Ran nan da hantsi ta ɗaure zane ta shiga. Tsoro ya kama ta, amma ta ci gaba da kutsawa. Maƙwabciyarta Sa'a ta dafe kai.

"Ke Habsatu, hito! Mi kinka yi haka?"

Ba ta waiwaya ba. Ƙwaryar farko ta juye wa Doguwa a ruwa, ta ce a yi mata haƙuri, ba ta da kaza. Sauran ta kai gida, ta shanya, ta surfa, ta dafa jar shinkafar nan har ta yi lugub.

A'i ta shinshina akushin, yawunta ya tsinke, amma ta janye hannu. Ita da aka haifa a gidan bori, ta gwammace yunwa da abin da aka ɗauka a bayan idon Doguwa.

"Ɗiyata, Sallau ya komo?"

Habsatu ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Ta dubi ƙafafun nan.

"Ya komo, Inna. Jiya yay yanka."

Tsohuwa ta kai loma biyu, sannan ta ɗago kai tana kallon ƙofa.

"To, ina Gado? Ba tare anka tahi da su ba?"